Shekarar da Muka Kware Rufin Makaranta

Makon jiya aka binne mutum na ƙarshe a ƙauyenmu da ya iya baibaya. Ban je ba, gwiwoyina ba sa kai ni ko coci yanzu sai an ɗauke ni a babur, amma daga bakin ƙofata na ji waƙar matan zumunta har aka sa shi a ƙasa. Da jikata ta dawo ta kawo mini shinkafar makoki a leda, na ce mata, to, yau an rufe baibaya a rami. Ta ce, "Kaka, mene ne baibaya?" Yarinyar nan tana sakandare, ta san sunayen ƙasashen da ban taɓa ji ba, amma ba ta san cewa rufa ɗaki da ciyawa aiki ne mai suna ba. Na buɗe baki in gaya mata, wayarta ta yi ƙara, ta fita. Sai na zauna da maganar a bakina, kuma ni magana ba ta iya kwana a cikina. Shi ya sa na nemi takarda. Karatuna bai wuce aji bakwai ba, wanda ya ga rubutun ya karkace sai ya yi haƙuri.

Makarantarmu ta firamare mishan suka kafa ta, amma hannun mutanen ƙauye ne ya gina ta. Azuzuwa bakwai ne na ginin ƙasa, layi biyu suna kallon juna, da mangwaro a tsakiya inda aka rataye guntun ƙarfen dogo da wani ya ɗauko daga Kafanchan, shi ne ƙararrawarmu. Kowace unguwa da ajinta. In rufin aji huɗu ya yi yoyo, kowa ya san unguwar da za a yi wa ba'a ran kasuwa, a ce musu mazansu sun iya shan kunu ba su iya hawa tsani ba. Ajin unguwarmu shi ne na bakwai, na ƙarshe, kuma Babana ne mai kula da shi. Ba wanda ya naɗa shi da takarda. Dattawa ne suka zauna a gindin mangwaro suka ce shi ne, shi ke nan ya zama.

Aikin yana da lokacinsa, kuma lokacin gajere ne. Da ruwa ya ɗauke, an gama yankan acca, akwai 'yan makonni da ciyawar gindin dutse take tsaye, ta bushe amma ba ta fara karyewa ba. In ka bar ta ta wuce, maharba za su sa wa daji wuta, sai kuma baɗi. To a makonnin nan, kowace Juma'a bayan tara, sai a sake mu da lauje. Mu dawo da dammuna a ka, ciyawa ta rufe mana fuska, ƙafa kawai ake gani, kamar bukkoki ne suke tafiya. Maza su zauna a inuwa suna yanta, wato suna saƙa ciyawar da igiya ta zama doguwar shimfiɗa, su naɗe ta kamar tabarma su jingine. Mata su shiga azuzuwa da madaɓi suna daɓe, suna waƙa da yarenmu, waƙar da Fasto yake yi kamar bai ji ba. Har yau in na rufe ido ina jin wannan bugun, tim, tim, da muryar mai baibaya daga sama yana cewa a miƙo. A lokacin, uwar da ɗanta bai iya karatu ba takan tare malami a hanyar rafi ta tambaye shi dalili, da daddare kuma ta aika masa da tuwon acca. Yanzu tambayi iyayen unguwar nan sunan hedimasta, ka ga yadda za su kalle ka. Yara su dawo gida ƙarfe goma, a ce me ya faru, su ce ba malami, uwar ta ce to ɗauki bokiti.

Ni ce babba a ɗakinmu, kowa Yaya yake ce mini, har Baba. Shekarar da na shiga aji bakwai Mama ta haifi tagwaye, ƙafarta ɗaya kuma ta kumbura ta ƙi saɓewa. Gida yana neman hannuna ƙwarai. Baba ya kira ni ya ce, "Yaya, na ba ki shekarar nan. Ki rubuta jarrabawar nan sau ɗaya. In kin ci, ki tafi kwalejin malamai, ni da uwarki za mu san yadda za mu yi. In ba ki ci ba, kin ga gidan da idonki." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Kuma ban ji tsoro ba, don Malamin aji bakwai ya riga ya ce zan ci. Gajeren mutum ne daga wajen Zonkwa, mai murya kamar ganga. Shi ya fara lura cewa ni ba da ido nake karatu ba, da kunne ne. Abin da ya faɗa sau ɗaya zan maimaita masa har da inda ya yi tari. Yakan ce, "Ke dai a bar ki kusa da bakin malami, kin gama."

Kafin nan an riga an ce makarantun mishan sun koma hannun gwamnati, amma mu ba mu ga bambanci ba sai sabon hedimasta da aka aiko mana. Baƙo ne, mutumin kirki, ba ya duka, sai dai tsoron takarda ya cika masa ciki. Ana cikin yankan acca sai ga mota mai rufin tamfol ta tsaya a gindin mangwaro, wani babba daga ofishin masu kula da makarantun yankinmu ya fito. Aka tara dattawa, mu kuma muna leƙe ta taga. Ya ce daga yanzu makaranta ta gwamnati ce, gini da allo da komai. Ya ce kada a sake tura yaro yankan ciyawa, aikin yaro karatu ne. Ya ɗaga kai ya kalli rufinmu ya ce, "Wannan na tsuntsaye ne. Kafin ruwa ya sauko, kwano za a sa muku." Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Kwano fa. A duk ƙauyen ba mai kwano sai coci da shagon Alhaji mai sayen citta.

Kakana, uban Baba, idonsa ya riga ya tafi, yana zaune kullum a bakin zaure. Da aka ba shi labari ya ce da yarenmu, ba a fasa tsohon murhu sai sabon ya bushe. Ya ce a yanke ciyawar a ajiye, in kwano ya zo a ba awaki su kwanta a kai. Baba ya yi dariya ya ce, "Baba, gwamnati ce fa. Ita ta shimfiɗo dogo tun daga bakin teku har Kafanchan. Kwanon aji bakwai ne zai gagare ta?" Ba wanda ya yanki ko dami ɗaya don makaranta a shekarar. Kowa ya yanki na gyaran ɗakinsa kawai. Ranar da maharba suka sa wuta, hayaƙi ya taso daga gindin dutse, shaho suna shawagi a kansa, Kaka ya ɗaga hanci ya shaƙa ya ce, "Wancan rufinku ne nake ji yana ci."

Bayan Kirsimeti da 'yan makonni sai ga masinjan ofis a kan keke, da kakinsa. A gidanmu ya sha kunu, ni na miƙa masa ƙwaryar, don haka da kunnena na ji. Ya ce, "Oga ya ce mota na tafe ran Asabar da kwano da kafintoci. Ku kware rufin, kada su zo su tsaya jiranku." A wurinmu, in babba ya aiko mutum da baki, maganar ta zauna. Haka sarki yake aike, haka ake neman aure, haka ake ba da gona. Ba wanda ya yi tunanin ya ce masa ina takarda. Hedimasta ma ranar ya tafi karɓo alli, kafin ya dawo an buga gangar gayya.

Ban taɓa ganin gayya mai daɗi irin wannan ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kowace unguwa ta hau ajinta ana gasa. Ƙura, ɓeraye suna tsalle, yara suna bin su da sanda. Tsohuwar ciyawa in ta sauka ba ta komawa, tana taɓa ƙasa take rugurgujewa. Mata suka kwashe ta a kwanduna suka kai gonaki don rufe citta in an shuka. Gorar da ta riƙe rufin ma aka ce kwano katako yake so, sai aka rarraba ta, wani ya yi shinge, wata ta hura wuta. Kafin rana ta karkata, azuzuwa bakwai suna tsaye baki buɗe suna kallon sama. Hedimasta ya iso da kwalin alli a bayan keke, ya sauka, ya daɗe yana kallo.

Asabar ta zo, muka share hanya, Mama ta sa na dama kunu babbar tukunya saboda kafintoci. Mu muka shanye shi da yamma. Wata Asabar ta zo ta wuce. Muka ci gaba da karatu cikin rana, littafi a ka maimakon a hannu, Malam yana bin 'yar inuwar bango da mu kamar kaza da 'ya'yanta. Duk ƙarar da ta taso daga babbar hanya sai aji ya yi tsit, ya zama motar citta ce. Zafi ya ƙaru, mangwaro ya fara nuna, kuma duk wanda ya girma a ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya. Ruwanmu ba ya jira. Da rana tsaka sai ka ga baƙi ya taru a kan duwatsun Kagoro, iska ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga inda aka riga aka yi. Da can wannan ƙanshin murna ne. A shekarar nan kuwa na fargaba ne.

Ruwan farko a aji ya same mu. Allonmu ba katako ba ne, bango ne aka goge aka shafe da gawayi da ɗanyen ganye. Malam ya cika shi da lissafi tun safe. Muna tsaye a gindin mangwaro, littattafai a cikin riga, muka ga allon yana gangarowa baƙi har ƙasa, da lissafin da komai. Daɓen da iyayenmu mata suka buga ya zama taɓo. Ginin ƙasa in ba hula, daga ka yake mutuwa. A ruwa na uku bangon aji huɗu ya zauna, da dare ya yi, Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Fasto ya ce a kawo aji bakwai cikin coci. Alhaji mai citta, wanda 'ya'yansa biyu suke tare da mu, ya ce shi bai ga laifi ba, in ma ana so ga ɗakin ajiyarsa babu kaya. Hedimasta ya fito da takarda daga aljihu, ta yi laushi don yawan buɗewa, ya ce an hana ajin gwamnati zama a ɗakin sujada ko gidan wani. Ya ce, "Ku gane, ina da iyali. In na karya wannan ni za a kora." Tun daga ranar, karatunmu ya koma hannun hadari. In ya haɗu, a buga ƙarfe, kowa gida. Jarrabawa kuwa saura wata biyu da 'yan kwanaki, kuma Malam ya ce rabin littafin lissafi ba mu taɓa shi ba.

Baba ya ce zai je ofishin da kansa. Alhaji ya ce zai raka shi, don Hausarsa ta fi ta Baba tsayawa a gaban manya. Ni kuma Baba ya ce in zo in zama idonsa in an miƙo takarda. Muka taka tun sassafe, muka shiga Kafanchan jirgi yana kuka a tasha. Muka zauna a benci har rana ta take. Ta tagar baya ina hango kwano a jibge cikin shingen waya, sabo fil, yana ƙyalli, awaki sun kwanta a inuwarsa. Na taɓa Baba na nuna masa. Ya gyara zama, fuskarsa ta saki.

Wanda ya gan mu ba babban nan ba ne, an ce an ɗauke shi zuwa wani gari. Wani akawu ne mai fara'a, yana ɓarar gyaɗa a kan tebur. Alhaji ya yi bayani tiryan-tiryan. Akawun ya buɗe wani babban littafi ya bi da yatsa.

"Makarantarku tana da rufi," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, da tana da shi," in ji Alhaji. "Yanzu babu."

"Iska ce?"

Baba ya ce, "Mu ne. Ku kuka aiko a kware."

"Wa muka aiko?"

"Masinjanku. A gidana ya sha kunu. Yarinya na ya ji, ga shi nan." Haka Hausar Baba take, ba ta raba mace da namiji.

Akawun ya kalle ni, ya yi murmushi. "Ya ba ku takarda?"

"Ya ba mu magana."

"Baba, magana ba ta shiga fayil." Ya share ɓawon gyaɗa da gefen hannu. "Kwanon bana na makarantun da aka rubuta ba su da rufi ne. Ku lokacin da aka rubuta kuna da shi."

Alhaji ya nuna taga ya ce, "Wancan fa, na awaki ne?"

Akawun ya yi dariya sosai, ya ce Alhaji ya iya magana. Ya ce wancan yana jiran katako ne, katako kuma wani ofis ne ke bayarwa, ba a sakin kwano sai katako ya iso. Sannan ya rage murya kamar mai yi mana alheri. Ya ce da shi ne mu, da ba zai yawaita faɗin cewa mu muka kware ba, don taɓa ginin gwamnati ba izini laifi ne. Ya ce zai rubuta cewa aji bakwai ba shi da ɗaki, a san abin yi. Baba ya yi masa godiya har da cire hula. Mun ɗauka taimako ne.

A hanyar dawowa ruwa ya kama mu, ba wanda ya nemi wurin fakewa. Alhaji yana ta faɗa shi kaɗai. Sai da muka hango ƙauye Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, jarrabawar saura kwana nawa?" Na gaya masa.

Washegari na fito da tsintsiya na tarar da shi a kan rumbun dawarmu yana kwance igiya. Rumbun nan sabuwar hula gare shi, a shekarar ya yi masa. Mama ta jawo ƙafarta ta fito ta ce, "Baban Yaya, abincinmu ne a ciki." Ya ce zai rufe da zana da ganyen ayaba, kwana nawa ne. Kaka daga bakin zaure ya ce, "Ka fasa murhu ɗaya, yanzu za ka fasa na biyu." Baba ya ce, "Na ji, Baba," ya ci gaba da kwancewa. Ya naɗe yantar ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar unguwa da ita ya nufi aji bakwai, bai roƙi kowa ba. Mutanenmu ba sa son a ga sun bar mutum shi kaɗai da kaya. Kafin hantsi, wannan ya cire layi biyu daga ɗakin girkinsa, wancan ya kware akurkin kaji, wata gwauruwa ta ba da rabin rufin ɗakin ɗanta da ya tafi soja. Masu shinge suka tumɓuke gorar da suka kafa suka dawo da ita. Ba ganga, ba waƙa.

Hedimasta ya fito da gudu yana cewa a dakata, ba izini, ginin gwamnati ne. Baba yana riƙe da tsani ya ce, "Malam, kai ka iya rubutu. Ka rubuta cewa ba ka gan mu ba." Mutumin ya tsaya. Sai ya juya ya tattara 'yan aji ɗaya da biyu, ya kai su can bayan fili, ya sa suka ba makaranta baya, ya yi ta koya musu waƙa ɗaya har yamma. Wanda ya hau sama ranar saurayi ne, shi ne wanda aka binne makon jiya. Rufin ya fito kamar zanen mahaukaciya, nan sabo, nan baƙi da hayaƙin girki, nan da kashin kaji. Amma da aka yi ruwa washegari, muna ciki, ko ɗigo. Malam ya sa muka shafe allo da sabon gawayi, ya ɗaga muryarsa sama da ta ruwan, ya fara mana kashi cikin ɗari. Ina jin duk rayuwata ban taɓa sauraron mutum kamar yadda na saurare shi a kwanakin nan ba. Kwana tara ne.

A na goma masinjan nan ya dawo, wannan karon da takarda. An ɗauke Malam zuwa wata makaranta wajen Kachia, tun da aji bakwai na ƙauyenmu ba shi da ɗaki. A cikin ɗakin aka karanta ta. Baba ya zo daga gona da fartanya a hannu, ya kama hannun masinjan ya ɗaga shi sama ya taɓa ciyawar da shi.

"Wannan mene ne?"

"Baba, ni aike ne."

"Wancan karon ma aike ne."

"Wancan da baki ne. Wannan ga hatimi."

Malam ya ce zai tsaya ko mako biyu ne. Hedimasta ya ce in bai isa can ran Litinin ba an ɗauka ya bar aiki. Malam ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe a bayan keke. Muka raka shi har babbar hanya, mu duka 'yan ajin. Ya ba ni littafin lissafinsa mai amsoshi a baya ya ce, "Ki karanta da ƙarfi, ki ji da kunnenki." Na gwada. Amma littafi ba ya tari, ba ya tsayawa ya ce kun gane. Muka ci gaba da zuwa kullum muna zama a ƙarƙashin rufin iyayenmu, ba malami. Hedimasta yakan leƙo ya rubuta abu a allo ya koma wajen ƙanana. Ni nakan tashi in maimaita wa 'yan ajin abin da Malam ya faɗa, da muryarsa, su yi dariya, su rubuta. In na kai inda ya tsaya, ni ma in tsaya. Ba ni da abin da ke gaba.

A Kafanchan muka rubuta jarrabawar, a wani aji mai kwano da siminti. Shafin farko na ji muryar Malam a kowace tambaya, hannuna yana gudu. Na juya shafi na biyu, shiru. Na karanta da ƙarfi a zuciyata, na sake karantawa, ba wanda ya taɓa faɗa mini waɗannan abubuwan. Na zauna ina jin ƙarar alƙaluman yaran gari har aka ce a ajiye.

Kwanon ya zo, kada in yi wa gwamnati ƙarya. Bayan damina biyu ya zo, lokacin azuzuwa huɗu sun riga sun koma ƙasa. Amma tun daga shekarar nan ban sake ganin mutumin ƙauyenmu ya ɗauki ko tsinke don makaranta ba. Ba mugunta ba ce. An gaya musu ba tasu ba ce, sun gwada taɓawa sun ƙone, sai suka naɗe hannu, 'ya'yansu suka gaji naɗewar. Yau in iska ta yaye kwanon aji, sai ya shekara yana lilo yana kuka, mutane suna wucewa ta gindinsa zuwa gona. Masu hali sun kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi, sauran kuma an bar wa Allah. In an zo ana cewa yaran yankinmu ba sa cin jarrabawa, a tara iyaye a yi musu faɗa, ni dai ina bakin ƙofata ina ji.

Sakamako ya fito tsakiyar damina, lokacin da rana takan yi mako ba ta leƙo ba. Hedimasta ya karanta a gindin mangwaro. Ba ko ɗaya daga makarantarmu. Ya ce wanda iyayensa suka yarda zai iya maimaita aji bakwai, an ce za a aiko sabon malami. Na taho gida ina shirya magana. Na shirya ta da kyau, don na san Baba mutum ne mai jin gaskiya. Zan ce masa sau ɗaya ya ce, amma wannan ba a ƙirga shi sau ɗaya ba, rabin sau ne. Zan ce zan riƙa tashi da asuba in gama aikin Mama kafin a buga ƙarfe, in goya ɗaya daga cikin tagwayen zuwa aji in ya kama. Na maimaita ta har sau uku a hanya.

Na shiga gida na ji wani wari mai tsami. Ranar ce aka ci dawa har aka kai tsakiyar rumbu. Sama lafiya take, ashe ruwa ya bi ta gefen zana ya sauka ƙasa ya zauna. Daga tsakiya zuwa gindi ta yi baƙi, ta dunƙule, wata ta yi tsiro fari kamar gashin tsohuwa. An zube ta a kan tabarmi a zaure don ba rana. Mai burkutu ta ƙasan unguwa har ta aiko a ba ta mai tsiron, Baba ya ce a gaya mata shi ɗan coci ne. Mama tana zaune ta miƙe kumburarriyar ƙafarta, tagwaye kuma ɗaya a nono, ɗaya yana kuka a baya. Kaka ranar ko karin magana bai yi ba. Baba yana durƙushe, yana ɗaukar zangarniya ɗaya ɗaya, yana kai ta hanci, yana tsince ƙwayar da za ta ciwu yana jefawa a ƙwarya. Ƙwaryar ko rabi ba ta yi ba, sabuwar dawa kuwa sai bayan wata uku.

Ya ɗago ya gan ni a tsaye da littafin Malam a hannu. Ya kalli fuskata, ya gane. Ya jira. Na san jira yake, don bai mayar da kansa ƙasa ba.

"Yaya, akwai magana?"

Na kalli ƙwaryar. Na ce, "Babu, Baba. Matsa in taya ka."

Ya matsa. Na ajiye littafin a kan katanga, na ɗaura zanena da kyau, na durƙusa.